Mu Ne Masu Biyan Kuɗin Ƙungiya, Me Ya Hana Mu Shugabancinta?

Tambaya

 Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Kano, ina aiki a wani asibiti a arewacin Ingila. Tun zuwana na shiga ƙungiyar ƙwadago, kowane wata ana cire kuɗinta daga albashina. A sashenmu idan dare ya yi, kusan dukkanmu 'yan Afirka ne da 'yan Indiya da 'yan Filifin, amma ranar da na je taron reshe sai na tarar shugabannin duk Turawa ne. Yanzu sun aiko mini da takarda wai in halarci wani kwas na koyon shugabanci da aka shirya domin baƙaƙen fata da sauran tsiraru. Maigidana ya ce in rufa wa kaina asiri, tunda bizarmu a hannun asibitin take. Wata abokiyar aikina kuma ta ce ado ne kawai, hotonmu suke so su buga a mujalla. Don Allah a fahimtar da ni: me ya sa muka yi yawa a ƙasa amma babu mu a sama, kuma irin wannan kwas yana da amfani ko ɓata lokaci ne?

Amsa

 Allah ya ƙara wa aiki albarka. Bari in fara ba ki amsar a taƙaice kafin in warware ta: ki je kwas ɗin, amma kada ki ɗauka shi ne shugabancin. Abin da zai sa ki zama shugaba shi ne abokan aikinki su zaɓe ki wakiliyarsu a sashenku, ki riƙa shiga ofishin manaja da mutum ranar da ya shiga uku. Kwas taimako ne ga wannan, ba madadinsa ba. Maigidanki yana da hujja, abokiyar aikinki ma ba daga sama ta tsinci maganarta ba, kuma zan bi ta kan kowace.

Abin da kika gani a taron reshenku ba na asibitinku ba ne kaɗai. Alƙaluman da gwamnatin Birtaniya ke fitarwa duk shekara sun daɗe suna nuna cewa, idan aka kwatanta jinsi da jinsi, baƙaƙen fata sun fi kowa shiga ƙungiyar ƙwadago. Dalili a fili yake: sun yi yawa a asibitoci da sufuri da ƙananan hukumomi, wuraren da ƙungiyoyi ke da ƙarfi. Amma da zarar an fara hawa, daga wakilin sashe zuwa sakataren reshe, zuwa jami'in shiyya mai albashi, zuwa kwamitin zartarwa na ƙasa, sai su yi ta raguwa. Uwar ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar, wato TUC, an kafa ta a Manchester tun 1868, tana da mambobi sama da miliyan biyar, kuma har yau ɗan asalin Afirka ko Karibiyan bai taɓa zama babban sakatarenta ba.

Wannan yana da tarihi, kuma ya kamata ki san shi kafin ki shiga ɗakin kwas, don kada wani ya nuna miki kamar alfarma ake yi miki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta rasa ma'aikata, ta buɗe ƙofa ga mutanen ƙasashen da ta mallaka. Jirgin ruwan Windrush ya iso da 'yan Karibiyan a 1948, daga baya 'yan Indiya da Pakistan da Afirka ta Yamma suka biyo. Suka shiga masaƙu da maƙeru da motocin bas, suka yanki katin ƙungiya, suna biyan kuɗinsu kan kari. Amma a wurare da yawa ƙungiyar ce da kanta ta tsaya a bakin ƙofa. A birnin Bristol, kamfanin bas ba ya ɗaukar baƙar fata ko ɗan Asiya a matsayin direba ko kwandasta, kuma ma'aikatan da ke ƙarƙashin ƙungiyar sufuri ta TGWU sun goyi bayan hakan. Sai da Paul Stephenson da Roy Hackett da abokansu suka jagoranci ƙaurace wa motocin na wata huɗu a 1963 kafin kamfanin ya janye. Shekara hamsin bayan haka, a 2013, ƙungiyar Unite, wadda ta gaji TGWU, ta fito ta nemi gafara. A 1966 ma an hana Asquith Xavier, ɗan tsibirin Dominika, aikin gadin jirgin ƙasa a tashar Euston ta Landan saboda launin fatarsa, sai da ya kai maganar har gaban 'yan majalisa. A 1968 kuwa, da ɗan majalisa Enoch Powell ya yi jawabinsa na ƙyamar baƙi aka sauke shi daga muƙaminsa na jam'iyya, 'yan dakon tashar jiragen ruwa ta Landan, 'yan ƙungiya na gaske, su ne suka yi maci zuwa majalisa don mara masa baya.

A 1974 ma'aikatan kamfanin keken rubutu na Imperial a Leicester, da yawansu 'yan Asiya da suka baro Yuganda, sun shiga yajin aiki saboda ana tauye musu alawus ana fifita Turawa wajen ƙarin girma. Ƙungiyarsu ba ta amince da yajin ba. Su suka shirya abinsu, su suka tara kuɗin abinci, su suka tsaya a bakin ƙofar kamfani.

Wanda na fi so ki riƙe shi ne labarin Grunwick, wani kamfanin wanke hotuna a arewa maso yammacin Landan. A watan Agustan 1976 wata mata 'yar asalin Gujarat da ta zo daga Tanzaniya, Jayaben Desai, ta ajiye aiki ta fita saboda wulaƙanci da tilasta ƙarin awoyi. Wasu suka bi ta, suka shiga ƙungiyar APEX, kamfani ya kori mutum 137. A wannan karon ƙungiyoyi sun amsa kira. Ma'aikatan gidan waya na unguwar suka ƙi taɓa wasiƙun kamfanin, masu haƙar kwal suka taso daga Yorkshire, har wata rana a watan Yulin 1977 mutum kusan dubu ashirin suka taru a wurin. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Scarman, ya ba da shawarar a mayar da su aiki, mai kamfanin ya ƙi. Daga nan manyan ƙwadago suka fara ja da baya. A watan Nuwamban 1977 Desai da mutum uku suka zauna yajin cin abinci a ƙofar hedikwatar TUC, suna neman a cika musu alkawari. Ƙungiyarsu ta dakatar da su, ta tsayar musu da kuɗin yaji. A Yulin 1978 yajin ya mutu ba su samu komai ba.

Ki duba wannan mata da kyau. Ba ta taɓa zuwa kwas ɗin koyon shugabanci ba, amma ta riƙe mutane kusan shekara biyu a bakin titi, sanyi da ruwa. Iya shugabanci ba shi ta rasa ba. Abin da ta rasa shi ne kujera a ɗakin da ake yanke hukuncin a ci gaba ko a janye, da hannu a kan asusun da ake biyan masu yaji. Shi ya sa nakan ji ciwo idan na ga an tsara shirin raya shugabanni kamar naƙasu na wajenmu ne, wai ba mu da ƙwarin gwiwa, ba mu iya magana a taro ba. Matar da ke riƙe da sashen marasa lafiya talatin da tsakar dare, da ma'aikata biyu kacal, ba ƙwarin gwiwa take nema ba.

To ina hanyar take toshewa? Rayuwar Bill Morris za ta nuna miki matakan. An haife shi a Jamaika a 1938, ya zo Birmingham a 1954, ya kama aiki a wani kamfanin kayan gyaran mota. Ya shiga TGWU a 1958, aka zaɓe shi wakilin ma'aikata a 1963, shekarar da 'yan ƙungiyarsa na Bristol ke kare wariya. Ya zama jami'in ƙungiya mai albashi a 1973, ya riƙe sashen ma'aikatan bas na ƙasa, ya zama mataimakin babban sakatare, sannan ya ci zaɓen babban sakatare a 1991 ya riƙe kujerar har 2003. Shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci babbar ƙungiyar ƙwadago a ƙasar. Daga wakilin sashe zuwa ƙololuwa ya ɗauke shi kusan shekara talatin, kuma duk tsawon farkon tafiyar yana da aiki tabbatacce a wuri ɗaya, inda kamfani ya amince da ƙungiya.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi yawan mutanenmu ba su da shi. Doka ta ba wakilin ma'aikata damar barin bakin aiki ya yi hidimar ƙungiya ko ya je horo, a biya shi albashinsa, amma sai a wurin da mai aiki ya amince da ƙungiyar. Mai shara da ke ƙarƙashin ɗan kwangila, da mai gadi, da mai kula da tsofaffi a gidaje, da wanda kamfanin dillancin ma'aikata ke aikawa yau nan gobe can, yawancinsu ba su san wannan haƙƙi ba sai a labari. Ko a inda haƙƙin yake, kamar asibitinku, sai manaja ya sake ki, shi kuwa zai ce babu wanda zai riƙe miki wuri. Mai aikin ofis da rana ya fi mai aikin dare samun saki, kuma kin san su wane ne suka fi yawa a aikin dare.

Sannan akwai yadda ake shigo da mutum. Ba kasafai wani ke tashi haka kawai ya ce zai tsaya takara ba. Tsohon wakili ne ke taɓa kafaɗar yaro ya ce masa, kai fa ka dace, zo in nuna maka. Mutum kuwa yakan taɓa kafaɗar wanda suke shan shayi tare, wanda suke goyon bayan kulob ɗaya, wanda ya san mahaifinsa. Ba lallai da mugun nufi ba, amma sakamakon ɗaya ne. Idan kuma aka tashi taro aka zarce mashaya, a can ake ƙulla wa zai tsaya wa zai janye, ke da kika wuce gida don sallah da yara sai dai ki ji labari. Haka abin yake har sama. Kafin sunan mutum ya hau takardar zaɓen babban sakatare, sai rassa masu yawa sun tsayar da shi, kuma 'yan tsirarun da ke halartar taron reshe su ne ke yanke wannan.

Akwai kuma tsoro, wanda ba na banza ba ne. Tun 2015 hukumar lafiya ta Ingila ke auna yadda ake mu'amala da ma'aikatanta ta fuskar launin fata, kuma shekara bayan shekara sakamakon na nuna tsiraru sun fi Turawa faɗawa matakin ladabtarwa. Binciken da TUC ta fitar a 2022 ya nuna biyu cikin biyar na ma'aikata tsiraru sun fuskanci wariya a wurin aiki cikin shekara biyar da suka gabata, kuma ɗaya cikin biyar ne kawai ya kai ƙara wajen mai aikin. Wanda yake jin ana jiran ya yi kuskure, da wuya ya miƙa wuyansa ya zama mai yi wa manaja gardama.

Ba za a ce ƙungiyoyin sun naɗe hannu ba, ko da yake kusan duk abin da suka yi matsa musu aka yi. A 1981 TUC ta fitar da wata takardar alkawari ga ma'aikata baƙaƙe. Daga baya aka fara taron shekara-shekara nasu na kansu, aka kuma ware musu kujeru uku a majalisar ƙoli ta TUC, ɗaya ta mace. Da aka kafa ƙungiyar Unison a 1993, aka rubuta a kundinta cewa baƙaƙe da mata da naƙasassu suna da ikon shirya kansu a cikin ƙungiya, da taronsu da kwamitinsu. A wajensu baƙar fata ta haɗa da ɗan Afirka da ɗan Karibiyan da ɗan Asiya, shi ya sa za ki ga 'yar Indiya a kwas ɗinku. Kisan matashi Stephen Lawrence a 1993, da rahoton Macpherson na 1999 da ya ce wariya ta yi kanta a tsarin 'yan sandan Landan, sun sa TUC ta duba nata gidan; ta gyara dokokinta a 2001, ta fara bin ƙungiyoyi tana ƙirga wa ke riƙe da wane muƙami. Sai annobar korona ta zo a 2020. Likitoci goma na farko da aka bayyana sun rasu duk tsiraru ne, cikinsu har da Dokta Alfa Sa'adu, Galadiman Pategi, da likitoci 'yan asalin Sudan. A shekarar ce TUC ta kafa kwamitin yaƙi da wariya ƙarƙashin Patrick Roach, babban sakataren ƙungiyar malamai ta NASUWT a lokacin, kuma raya shugabanni baƙaƙe na cikin manyan ayyukan da ya sa a gaba. Takardar da aka aiko miki, daga irin wannan yunƙuri ta fito.

An samu riba, ba na musu. Gloria Mills ta Unison ta hau majalisar ƙoli ta TUC a 1994, ta zama shugabarta a 2005, baƙar mace ta farko. Mohammad Taj, direban bas daga Bradford, ya hau wannan kujera a 2013, Musulmi na farko. Cecilia Anim, haifaffiyar Ghana, ta shugabanci ƙungiyar ma'aikatan jinya ta RCN daga 2015 zuwa 2018. Eleanor Smith, nas a ɗakin tiyata, ta shugabanci Unison a 2011, sannan a 2017 ta ci kujerar majalisa ta Wolverhampton da Enoch Powell ya taɓa riƙewa. Daniel Kebede ya zama babban sakataren NEU, babbar ƙungiyar malamai, a 2023.

Amma a nan maganar abokiyar aikinki take shigowa. Ki lura da bambancin shugaba da babban sakatare. Shugabancin TUC kujerar shekara ɗaya ce, aikinta jagorantar zama da tarbar baƙi. Babban sakatare shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke zama da minista, shi ke riƙe da ofis kullum. Mu da muka fito daga ƙasar sarauta mun san akwai rawanin da ake naɗa wa mutum don girmamawa, ba shi da ƙasa ba shi da dagatai, akwai kuma na hakimin da ke da gunduma. Yawancin kujerun da ake fara ba mu a ƙungiya irin na farko ne. Za a ce ga jami'ar harkokin baƙaƙen mambobi, ki shirya biki a watan Oktoba, watan tarihin baƙaƙe, ki kawo shinkafa dafa-duka, a ɗauki hoto. Ranar da za a zauna da hukumar asibiti kan jadawalin aiki da ƙarin girma da wanda za a sallama, ba a gayyace ki ba. Shekaru da yawa ma doka ba ta ba wakilin daidaito haƙƙin barin aiki da albashi kamar yadda ta ba sauran wakilai ba, wanda ya nuna miki matsayin da aka ajiye shi.

Ba ina cewa ki raina waɗannan kujeru ba ne. A taron baƙaƙen mambobi ne mutane da dama suka fara koyon rubuta ƙuduri, da tsayawa gaban makirufo, da ƙirga ƙuri'a kafin a kaɗa ta. Wuri ne na koyo da haɗa kai. Laifin shi ne a mayar da shi masauki na dindindin, a riƙa tura duk maganar wariya can, reshe ya wanke hannunsa.

Don haka idan kin je kwas ɗin, kada ki tsaya kan daɗin abinci da kyan takardar shaida. Ki tambayi masu shirya shi: waɗanda suka yi shi bara da bara waccan, ina suke yanzu? Nawa ne suka zama sakatarorin reshe, nawa aka ɗauka jami'an shiyya? Idan sun amsa da sunaye da muƙamai, kwas ɗin na gaske ne. Idan suka fara zancen yadda mahalarta suka ji daɗi, kin samu amsarki. Ki duba kuma abin da ake koyarwa. Kwas mai amfani zai sa kundin dokokin ƙungiya a hannunki, ya nuna miki yadda ake karanta asusun reshe, yadda ake tsayar da ɗan takara, yadda ake gina ƙorafi tun daga takardar farko har kotun ma'aikata, sannan ya haɗa ki da wani tsohon hannu da zai riƙa shiga da ke teburin sulhu kina kallo. Kuma shirin da ya tsaya kan horar da ku kaɗai, bai taɓa lokacin taro da wurinsa da yadda ake ɗaukar jami'ai ba, rabin aiki ne.

Za ki haɗu da masu cewa ware baƙaƙe a wani ɗaki raba kan ma'aikata ne, ai manaja ba ya tambayar launi idan zai rage albashi. Wasu masu faɗin haka mutanen kirki ne, sun sha wuya saboda ƙungiya, don haka ki saurare su da ladabi. Amma ki tuna musu cewa rabuwar ta riga taron: tana nan a jadawalin aikin dare, tana nan a jerin waɗanda aka ƙara wa girma. Ƙungiyar da rabin mambobinta ba sa ganin kansu a cikinta, ranar da ta kira yajin aiki ba za ta samu ƙuri'un da take buƙata ba. Wakiliya irinki, wadda 'yan Filifin da 'yan Indiya da 'yan Zimbabwe suka yarda da ita, ƙarfi ce ga Baturen da ke aiki kusa da ke.

Idan manyan ƙungiyoyi suka yi sakaci, mutane ba sa jira. A Landan an kafa IWGB a 2012 da UVW a 2014, ƙananan ƙungiyoyi da masu shara da masu gadi 'yan ci-rani ke jan ragamarsu. Masu sharar jami'ar LSE sun yi yaji a 2017 har aka raba su da ɗan kwangila suka koma ma'aikatan jami'a kai tsaye. Na asibitin St Mary's sun yi nasu a 2019, aka mayar da ma'aikata sama da dubu ƙarƙashin hukumar asibitin. Direban haya Yaseen Aslam da abokinsa James Farrar suka kai kamfanin Uber har Kotun Ƙoli suka yi nasara a 2021. Waɗannan mutane a fagen fama suka koyi shugabanci, kuma nasararsu ta tayar da manyan daga barci.

Yanzu maganar maigida. Ki gaishe shi, ki ce masa tsoronsa na mai hankali ne. Bizar da ke ɗaure da mai aiki sarƙa ce ta gaske: idan aiki ya ƙare, ana ba mutum kwana sittin ne ya samu wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya bar ƙasa, kuma masu kula da tsofaffi da yawa, ciki har da 'yan Najeriya, sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun kamfanonin da suka san wannan. Amma ga abin da doka ta ce. Korar ma'aikaci saboda shiga ƙungiya ko yi mata hidima haramun ne tun daga ranar farko ta aiki, kuma wannan kariya ba ta ware ɗan ƙasa da baƙo. Ƙa'idar ma'aikatar cikin gida ma ta keɓe yajin aikin da aka shirya bisa doka daga cikin hutun da ke iya shafar biza. Asibitin gwamnati da ya amince da ƙungiya kuwa yana da yarjejeniya a rubuce kan haƙƙin wakilai, kuma manaja ya san taɓa wakili yana jawo masa jami'in shiyya da lauya. A irin wurinki, wakiliyar da aka sani ta fi mai shiru kariya. Duk da haka, kafin ki tsaya ki zauna da jami'in ƙungiya ku duba takardunki, ki kuma saba wa kanki yin komai a rubuce, ki ajiye kwafi a gida. Idan ita ƙungiyar ce ta nuna miki bambanci, dokar daidaito ta 2010 ta hau kanta kamar yadda ta hau kan mai aiki.

Wace kujera za ki nema? Shawarata ki fara da wakiliyar sashe, mai raka mutum zaman ladabtarwa da na ƙorafi. Doka ta ba kowane ma'aikaci damar zuwa irin wannan zama da wakilin ƙungiya, kuma a nan ake gina amana. Duk wanda kika tsaya masa ranar da aikinsa ke rawa, shi da abokansa ba za su manta da sunanki ba ranar zaɓe. Idan wannan ta yi miki nauyi da farko, ki ɗauki wakilcin lafiya da kariya a wurin aiki. Mutane kan raina ta, alhali doka ta ba ta haƙori: kina da ikon zagaya wurin aiki kina bincike duk wata uku, ki nemi a nuna miki takardu, ki binciki hatsari idan ya faru. Ƙarancin ma'aikata da dare da rashin kayan kariya duk suna shiga ƙarƙashinta.

Akwai kuma abin da ya rage namu, kuma gara in faɗa. Mutanenmu a can sun iya tafiyar da ƙungiya. Muna da ta 'yan gari, da kwamitin masallaci, da makarantar Islamiyya ta ƙarshen mako, da adashin da ba ya kuskure ko fam ɗaya. Wasu ma sun riƙe muƙami a ƙungiyar ma'aikatan jinya tun a gida, kuma daga ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta Najeriya Ayuba Wabba ya taso har ya zama shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya a 2018. Amma idan aka ce taron reshe, sai mu ce na masu ƙasa ne, mu ci-rani muka zo. Takardar ƙuri'a ta zo ta gidan waya, mu haɗa ta da tallan kanti mu zubar. A zaɓukan babban sakatare na Unison da Unite da aka kammala a 2021, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 15 cikin 100 na mambobi ba. Idan a sama haka ne, ki ƙiyasta na reshe. Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi saƙo.

Ki nemi sakataren reshe ya ba ki ranar babban taron shekara da ranar rufe karɓar sunayen 'yan takara, domin ta biyun ce ke wuce mutane ba su sani ba. Ki samu waɗanda za su sa miki hannu daga jinsi daban-daban, har da Turawan da kuke aikin dare tare. Ki rubuta buƙatar a riƙa yin taro sau biyu, ɗaya da safe bayan an sauka daga aikin dare, ko a ba da damar shiga ta waya. Kuma idan za ki kwas ɗin, ki tambaya ko akwai gurbin mutum biyu, ki tafi da abokiyar aikin nan taki.